Ku Tambayi Mushe: Ampar nawa, wat nawa, kuma mi ya sa waya take zafi?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da sunka taru wannan karon kusan duk abu guda suke zagayawa, wato lissafin kuran, shi ya sa na haɗa su waje ɗaya. Masu tambayata farashin fano da batiri ku yi haƙuri, ni ba ɗan kasuwa ba ne, ku shiga Katako ku taya da bakinku.

TAMBAYA: Mushe ina wuni. Ni ɗaliba ce nan Yamai, bana zan yi BEPC in sha Allahu. An ba mu U = R × I da P = U × I mun hardace, amma wallahi ban gane komi ba, da an canza lambobi sai kaina ya ɗaure. Misali an ce dutsen guga an rubuta mishi 220 V da 1000 W, a nemo I da R. Daga ina zan fara don Allah?

AMSA: Lafiya lau ɗiyata, Allah ya ba da sa'a. Matsalarki ba ta lissafi ba ce, kin hardace haruffa ne ba ki san mi kowane yake nufi ba. Dubi shaton ruwa na unguwarku. Ƙarfin da ruwan yake turowa da shi saboda tsawon shaton, shi ne tansiyon, U, ana auna shi da bolt. Yawan ruwan da ke wucewa cikin tiyo kowane sakan shi ne I, ana auna shi da ampar. Ƙuncin tiyon da ke hana ruwan gudu yadda yake so, shi ne rezistans, R, ana auna shi da om. To in turi ya ƙaru ruwa ya ƙaru, in tiyo ya ƙara ƙunci ruwa ya ragu, iyakar abin da U = R × I take faɗi ke nan. Wani Bajamushe ne Georg Ohm, malamin makaranta a birnin Kolon, ya fitar da ita a 1827, kuma manyan masana na lokacin ba su ma kula shi da wuri ba sai daga baya. Ita ko P ita ce ƙarfin aikin da na'urar take yi ko take ci, da wat ake auna ta, kuma bolt sau ampar ne kawai.

Yanzu dutsen gugarki. Ki fara da tambayar kanki mi anka ba ni, mi ake nema. An ba ki U da P, to dabarar da ke ɗauke da su biyun ita za ki ɗauka, P = U × I. Kina neman I, sai ki raba P da U, 1000 ÷ 220 = 4,54 A. Da kin samu I sauran ya zo da sauƙi, R = U ÷ I, wato 220 ÷ 4,54, zai ba ki kusan om 48,4. Akwai gajeriyar hanya ma, R = U × U ÷ P, 220 × 220 = 48400, a raba da 1000, om 48,4 cif. Ni ita na fi so don ba ta sa ki yanke lamba a tsakiya, in kika mai da 4,54 ta zama 4,5 za ki ƙare da 48,9 kuma wani mai gyaran takarda ba ya da sassauci.

Inda yara sunka fi faɗuwa ko a miliampar ne. In an rubuta 200 mA, kar ki kuskura ki sa 200 cikin lissafi, 0,2 A ne. Ɗan ampul na 12 V mai jan 200 mA, rezistans ɗinshi 12 ÷ 0,2 = om 60, ƙarfinshi 12 × 0,2 = wat 2,4. Wanda ya manta ya sa 200 zai samu wat 2400, ya kuma rubuta hankalinshi kwance, alhali ko kallon lambar ya isa ya gaya mishi ɗan ampul ba ya cin wutar da ta fi ta dutsen guga biyu.

TAMBAYA: Salam Mushe. Ni tela ne, shagona yana wajen Wadata. Ralonj ɗina na uku ke nan yana narkewa, jiya har hayaƙi ya tashi Allah ya kiyaye yaro ya gani. Abin da na jona mata ba yawa, dutsen guga, butar kuran ta shayi, fanka da motar keke guda. Kuma disjonktar bai faɗi ba ko sau ɗaya. Kayan yanzu ne ba su da kyau ko hannu anka sa min?

AMSA: Malam babu wanda ya sa maka hannu, juya kayan nan ɗaya bayan ɗaya ka karanta ɗan rubutun da ke gindinsu. Ban ga naka ba amma bari in ɗauki irin lambobin da aka saba gani: dutsen guga wat 1200, buta wat 2000, fanka 70, motar keke 100. Jimla 3370. A raba da bolt 220 da NIGELEC take bayarwa, ampar 15,3 ke nan. Yanzu juya ralonj ɗin ita ma, in an rubuta 10 A to iyakarta 220 × 10 = wat 2200, butar kaɗai ta kusa cinye rabonta kafin a zo ga dutsen guga. Ka ce kayan ba yawa, gaskiya ne guda huɗu ne, amma waya ba ta ƙirga kawuna, ampar take ji. Duk abin da aikinshi shi ne yin zafi, buta, dutsen guga, hita, risho na kuran, shi ne babban maciyi, fanka goma ba su kai buta ɗaya ba.

To mi ya sa take narkewa. Ita ma wayar tana da nata rezistans ɗin, ɗan kaɗan ne amma akwai, kuma zafin da take yi shi ne P = R × I × I. Ka lura ampar ɗin sau biyu ya shiga, ma'ana in ya ninka biyu zafi ya ninka huɗu, in ya ninka uku zafi ya ninka tara. Jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 1, tsawon mita 1, yana da kusan om 0,017. Ralonj mai mita 10, wutar tana zuwa tana dawowa, mita 20 ke nan, in wayar cikinta 0,75 ce sai mu ce 0,017 × 20 ÷ 0,75 = om 0,45. Da ampar 5 zafin wat 11 ne, ba za ka ma ji shi a hannu ba. Da ampar 15 ko, 0,45 × 15 × 15, ya wuce wat 100, kuma yana cikin roba ne a kulle, in kuma an bar ta a naɗe ƙarƙashin tebur cikin ƙyallaye da zafin watan Afrilu na Yamai, ina zafin zai je?

Duk wannan ma na ɗauka jan ƙarfe ne na gaske. Da yawa daga masu arahar nan in ka fere robar ka kankare silin da wuƙa sai ka ga fari ya bayyana, alminiyam ne anka shafa mishi jan ƙarfe a sama, kuma rezistans ɗin alminiyam ya fi na jan ƙarfe da fiye da rabi. Wani lokaci robar ce mai kauri, silin ciki bai fi bakwai ko takwas ba sirara. Sai kuma bakin firiz ɗin, wanda da ya saki fish yana rawa a ciki wurin haɗuwar ya zama ɗan ƙaramin rezistans, duk wutar nan ta matse ta wuce ta nan, shi ya sa kullum za ka ga daga bakin rami ɗaya baƙin yake farawa, roba ta yi ruwan ƙasa ta kumbura tana warin nan da kowa ya sani.

Shi ko disjonktar bai yi laifi ba. In na ampar 20 ne, shi 15 ba komi ba ne a wurinshi, wayar cikin bango yake tsaro, bai san ka ƙara wata siririya a gaba ba. Abin yi, a jawo maka firiz biyu na bango da waya 2,5 daga tablo, ɗaya na dutsen guga ɗaya na buta, ralonj a bar mata fanka da cajin salula. Kuɗɗin ralonj uku da ka zubar da sun kusa yin aikin, ba a ma maganar shaddodin mutane da ke rataye a shagon ana dab da salla.

TAMBAYA: Mushe ƙanwata ta aiko min da tukunyar dafa shinkafa ta kuran daga Amurka, an rubuta 120 V, 600 W. Na sayi ɗan adafta na sa, ko minti biyar ba ta yi ba ta yi ƙauri ta mutu. Mai gyara ya ce wutarmu ce ta yi mata yawa, to ai adafta na sa?

AMSA: Hajiya mai gyaran ya yi gaskiya. Adaftan nan siffar ƙafafun fish kawai yake canzawa, bolt 220 ɗin yana wucewa yadda yake. Rezistans ɗin tukunyar 120 × 120 ÷ 600 = om 24. Da kika ba ta 220 sai ta ci 220 × 220 ÷ 24, sama da wat 2000, fiye da ninki uku na abin da anka ƙera ta don shi. In an aiko da wata, taransifo mai sauke 220 zuwa 110 za ki nema, mai wat 1000 don ya samu sarari. Cajar salula da ta kwamfuta da anka rubuta musu 100-240 V su ba ruwansu, adafta ya ishe su.

TAMBAYA: Gaisuwa mai yawa Mushe, daga Tawa nake rubutowa. Na haɗa sola a gida, fano wat 150, batiri 12 V 100 Ah, da kwanbatisar. Ina kunna fanka wat 60, tele wat 50 da ampul uku masu wat 9. Mai sayarwa ya ce zai kai ni asuba, amma tun kafin sha biyun dare kwanbatisar take fara kuka ta ɗauke. Batirin yana ɗakin ajiya, na ja waya 1,5 kamar mita 8 zuwa falo inda kwanbatisar take. Batirin ne jabu?

AMSA: Ƙanena kafin ka koma ka tayar wa mai shago da hankali mu yi lissafi, don ina zargin batirin lafiyarshi lau. Kayanka 60 + 50 + 27 = wat 137. Batirin a takarda yana ɗauke da 12 × 100 = 1200 Wh, wato wat sau awa, amma in irin na dalma da ruwan batir ne ko jel, rabi kawai ya kamata ka taɓa in kana so ya yi maka shekaru, saura 600. Kwanbatisar ita ma tana cin nata, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari yana tafiya a zafi. Ka ga abin da ya rage bai kai awa huɗu cikakku ba. In ka kunna bayan magariba to sha ɗaya ta yi maka daidai, maganar asuba ko maganar kasuwa ce.

Amma babbar ɓarnar tana cikin wayar nan taka. A 220 V kayanka ampar 0,6 kawai suke ja, ko wace irin waya za ta ɗauka. A gefen batiri fa? 137 ÷ 12 = ampar 11,4, da asarar kwanbatisar ka ce 13. Wat ɗin bai canza ba, amma da yake bolt ya sauka ninki 18, ampar ya hau ninki 18. Wannan shi ne abin da masu haɗa sola da kansu sunka fi mantawa, sai su kalli waya su ce ai wannan ita ke riƙe da duk gidan, eh tana riƙe da shi a 220, ba a 12 ba. Mita 8 zuwa da dawowa 16, 0,017 × 16 ÷ 1,5 = om 0,18. Sau ampar 13, bolt 2,4 sun zube a hanya. A wutar 220 wa zai damu da bolt biyu, amma a 12 kashi ɗaya cikin biyar ne. Batirin yana 12,3 abinshi, kwanbatisar tana ganin 9,9, kuma yawancinsu wajen 10,5 suke fara kuka, sai ta ɗauke alhali akwai sauran wuta a batirin. Taɓa wayar da dare za ka ji ɗumi, wannan ɗumin daga fanonka ya fito.

Ɗauke kwanbatisar ka kai ta kusa da batiri, tsakaninsu kar ya wuce mita ɗaya, da waya mai kauri 6 ko 10, ka ɗaure kan batirin tamau ka sa fizibil kusa da shi, sannan 220 ɗin da ta fito ita za ka ja mita 8 da wayarka ta 1,5, ba asara. Dalili guda ne ya sa layin da anka gina daga Birnin Kebbi zuwa Yamai yake da bolt dubu 132, a ɗaga bolt sama don ampar ya yi ƙasa, waya ta daina cinye wutar a hanya. Tashar sola ta Malbaza da ke kusa da ku, mai megawat 7 da anka buɗe a 2018, ita ma sai an ɗaga wutarta da taransifo kafin ta hau layi.

Sai fano. Wat 150 sau kamar awa biyar na rana mai ƙarfi, 750 Wh ne a takarda, a zahiri ƙasa da haka don zafi yana rage mishi ƙarfi, ƙurar hunturu ta Adar kuma in ta kwanta a kan gilashin ba sai na gaya maka ba. Da ƙyar yake mayar da abin da ka ci da dare. Goge shi da sassafe kafin ya yi zafi, in hali ya samu ka ƙara na biyu kafin ka yi tunanin ƙarin batiri.

TAMBAYA: Maigida ni yaron shagon gyaran wuta ne a Bukoki, ina koyo. Na lissafa ampul ɗin da mai zare a ciki, 220 V 100 W, ya ba ni om 484. Da na sa miltimetir sai ya nuna 37. Mita ce ta lalace ko lissafin ne ƙarya?

AMSA: Kai yaro za ka yi nisa, tunda kana aunawa ba ka tsaya ga abin da anka faɗa maka ba. Duka biyun daidai ne. Zaren ciki tangistan ne, kuma rezistans ɗin ƙarfe yana hawa in ya yi zafi. Kai ka auna shi a sanyi, shi ko 484 na lokacin da yake ci ne, zafinshi ya haura digiri 2000. Ka raba 220 da 37 ka gani, kusan ampar 6 yake fizga a ƙiftawar farko kafin ya sauka 0,45, shi ya sa irin waɗannan ampul ɗin sunka fi mutuwa daidai lokacin da anka danna makunni. Na LED kuma kar ka wahalar da kanka, akwai ɗan kati na lataroni a ciki, abin da mitar za ta nuna ba shi da alaƙa da wat ɗin da ke jikin kwali.

Abu biyu ka riƙe. Ba a auna om da wuta a jiki, cire fish tukuna. Kuma in ka mai da mita kan ampar, kar ka tsoma ƙafafunta biyu cikin firiz kamar mai auna bolt, a wannan yanayin cikinta kusan babu rezistans, 220 a raba da abin da ya kusa sifili ka san mi zai biyo baya, in ka yi sa'a fizibil ɗin mitar ne kawai zai tafi. Ampar a jere da na'urar ake auna shi, ko ka ari mitar maigidanka mai baki kamar filaya ka kama waya ɗaya tak, in ka kama biyun tare sifili za ta nuna.

TAMBAYA: Na sayi gurup an rubuta 2 kVA, na ce wat 2000 ke nan. Firiza biyu da fanka huɗu kawai na sa amma da firiza ta tashi sai ya yi kamar zai mutu.

AMSA: Alhaji kVA ɗin nan bolt sau ampar ne a dubbai, kuma bolt sau ampar yana ba da wat kai tsaye ne ga batiri da kayan zafi. Ga abin da ke da moto a wutar gida sai an ƙara ninkawa da abin da ake kira kosinis fi, galibi wajen 0,8 ake ɗauka, don haka 2 kVA wat 1600 ne. Kuma kwamfaresan firiza in zai tashi yana fizgar ninki da yawa na abin da yake ci in ya daidaita, na ɗan sakan ɗaya ko biyu. Kunna su ɗaya bayan ɗaya, babbar tukuna, ka bar ta ta zauna sannan ta biyun.

TAMBAYA: Mushe mi ya sa in na taɓa firigo da busasshen hannu ɗan tsikari nake ji, amma ranar da na fito wanka ba takalmi ya kusa jefar da ni? Wai ba 220 ɗin ba ce dai?

AMSA: Ita ce ɗiyata, ke ce kika canza. Busasshiyar fata da takalmin roba suna iya kai om dubbai masu yawa, jiƙaƙƙen jiki a kan jiƙaƙƙen siminti ko yana iya sauka wajen om 1000. 220 ÷ 1000 = 0,22 A, wato miliampar 220, alhali abin da ya wuce 30 ma yana iya rikita bugun zuciya. Firigon nan yana zubar da wuta a jikinshi, cire shi yau ba gobe ba, kar yara su taɓa. A kira mai gyara ya duba shi, a haɗa mishi wayar ƙasa ta gaske mai sandar ƙarfe a binne, kuma a sa difaransiyal na 30 mA a tablo, wato disjonktar da ke ɗauke wuta da zarar ta fara zuba. Yana da ɗan maɓalli da anka rubuta T a kai, ki riƙa danna shi lokaci lokaci, in wutar gidan ba ta ɗauke nan take ba a canza shi.

Bawan Allahn da ya tambayi kilowat nawa kilim ɗinshi take sha a wata, ba ka faɗi wat ɗinta ba kuma ba ka faɗi awa nawa take kwana a kunne ba. Ɗauki hoton takardar da ke manne a gefen injin na waje ka aiko.